Neman shawara: ɗalibi ya tambaye ni wa ya shiga cikin ƙasa ya gani

Malama Rabi, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina koyar da SVT, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, a wani kwalej a nan Tawa. Mun zo darasin tsarin duniya: ɓawon sama, sai dutse mai zafi har zurfin kilomita 2,900, sai cibiya ta ƙarfe. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, wa ya shiga ya gani?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba na so in sallame shi da "haka littafi ya ce". Don Allah yaya zan yi bayanin ya zauna musu?

Malam Isufu, Yamai: Wa alaikumus salam Malama. Ki gaya masa gaskiya, babu wanda ya shiga. Rami mafi zurfi da aka haƙa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da ƴan kai, alhali zuwa tsakiyar duniya kusan kilomita 6,370 ne. Girgizar ƙasa ce ta tona asirin. Tana aika motsi iri biyu cikin duniya: ɗaya yana ratsa dutse da ruwa, ɗayan kuwa ruwa yana tare shi. Da masana suka ga na biyun ba ya kaiwa wancan ɓangaren duniya, sai suka gane cewa sashen waje na cibiya narkakke ne. A 1936 Inge Lehmann, ƴar Danmak, ta gano akwai wata cibiyar a can ciki. Ki kawo kankana aji ki ƙwanƙwasa, ai mai saye ba ya yankawa kafin ya san ta nuna.

Abdu, Malbaza: Malama, ki fitar da su waje mana. A duwatsun Adar ana tsintar katantanwar teku da ta zama dutse, don teku ya taɓa rufe yankin nan shekaru miliyoyi da suka wuce. Dutsen da ake simintin garinmu da shi ma a ƙarƙashin tekun ya taru. Yaro in ya riƙe da hannunsa ba ya mantawa.

Hajiya Zeinabu, Yamai: Ki ƙara musu da ruwan zafin Tafadek na wajen Agadas. Kowane kilomita aka nutsa cikin ɓawon duniya, zafi na ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30.

Malama Rabi: Allah ya saka da alheri. Malam Abdu, ta wane gefe aka fi samun katantanwar, kusa da Tawa, inda yara za su iya zuwa da ƙafa?