Wace kalma za mu ba "peg" da "float"?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe huɗu akwai shiri kan kuɗaɗen ƙasashe, kalma biyu sun tsaya mini a wuya: "peg" da "float". Misalaina su ne riyal, da Saudiyya ta tsayar a 3.75 kan dala ɗaya tun 1986, da naira da Babban Banki ya saki a watan Yunin 2023. Ina son abin da manomi a Gwadabawa zai ji ya gane nan take.

Malamin tattalin arziki: Ƙayyade farashin canji, da barin kasuwa ta yi halinta.

Ɗan canjin Illela: Malam, ƙayyade farashi na taki ne da fetur. Bai faɗi da mi anka haɗa kuɗin ba. Sefar da ke shigowa daga Ƙonni ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya tun 1999.

Baban Yara: Turke! Kuɗin turke da kuɗin sake. Igiyar ita ce dalar da ke asusun ajiyar waje. Duk wanda ya zo neman dala, dole banki ya sayar masa a farashin nan. Ran da asusu ya yi ƙasa igiya ta tsinke, sai ka ga farashi biyu, na banki da na bayan fage.

Malamin tattalin arziki: Bayanin ya yi, Baba, amma turke ba ya motsi. Yuro kuwa yana hawa yana sauka a kan dala, sefa na biye da shi. Ya fi kama da ɗan maraƙi da aka ɗaure a ƙafar uwarsa lokacin tatsa.

Baban Yara: Ana cire turke a kafa wani wuri. Janairun 1994 ai haka anka yi, lokacin sefa na ɗaure da faran, kuɗin Faransa na da: faran ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Turke dai.

Malama mai fassara: Wannan kuma karya daraja ne, kar a cakuɗa. Karyawa hukuma ke yi da sanarwa, faɗuwa kasuwa ke kawowa. "Sake" kuma hatsari ne a rediyo, mai saurare zai ji gwamnati ta yi sake da naira.

Alaramma: Ku fara gyara "canji" tukuna, Turanci ne. Musaya muke da ita.

Ɗan canjin Illela: Allah gafarta Malam, "musaya" ta buhun gero da akuya ce. Shiga kasuwa ka nemi ɗan musaya ka gani.

Alaramma: Hausar 'yan jaridar Kano ta cinye ku.

Baban Yara: Da Bakano yaf faɗi turke da tuni ta shiga ƙamus.

Malama mai fassara: Baba, yarinyar nan gobe za ta hau iska. Ƙanwata, ki ce "an ɗaure riyal da dala", "an sakar wa kasuwa naira". Aikatau ya wadatar, ba sai an ƙera suna ba.

Mai shirin rediyo: Na ɗauka, Yaya. Turke zai shigo wajen bayanin asusun ajiya, sau ɗaya.

Baban Yara: Sau ɗaya? To. Za mu ji wadda masu kiran waya za su maimaita.