Me za mu kira "rim protector" da Hausa?

Mai sharhin wasanni: Jama'a, assalamu alaikum. Ina haɗa shiri kan yadda ake gane ko sabon ɗan wasan da ƙungiyar ƙwallon kwando ta ɗauko ya ƙara mata ƙarfin tsaro. Misalin da na zaɓa shi ne Isaiah Hartenstein. A watan Yulin 2024 Oklahoma City Thunder ta gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta ɗauko shi bayan ya bar New York Knicks, kwantiragin shekara 3 kan dala miliyan 87. A kakarsa ta ƙarshe a New York maki 7.8 yake ci a kowane wasa, don haka kowa ya san ba cin maki aka saya da wannan kuɗi ba. Cikin abubuwan da ake yabonsa da su akwai cewa shi rim protector ne, wato dogon nan da ke hana abokan karawa jefa ƙwallo daga dab da kwando. Ba na son in furta Turancin a shirin. "Mai tsaron kwando" ce ta fara zo mini. Ta zauna, ko akwai wadda ta fi ta?

Ɗaliba: Wa alaikumus salam, Yaya. Ni dai ina ga ta zauna daram. Muna da mai tsaron gida, mai tsaron raga, mai tsaron baya. Duk wanda ya ji "mai tsaron kwando" zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Tsohon koci: 'Yata, abin da zai gane shi ne gola, kuma nan matsalar take. Babu gola a ƙwallon kwando. Aikin gola ma laifi ne a wasan. In ƙwallo ta gama tashi ta fara gangarowa zuwa kwando, tana sama da bakinsa, mai tsaro ya taɓa ta, alƙali zai busa ya ba masu jifa makinsu kamar ta shiga. Sannan a NBA tun 2001 akwai dokar daƙiƙa 3: mai tsaro ba zai tsaya cikin fentin da ke ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa 3 ba, sai in akwai wanda yake tsarewa a kusa da shi. Mu nan da muke bin dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ba mu da wannan ta biyun, dogo na iya dasa ƙafa ya yi zamansa. Amma wanda Malam zai yi magana a kansa a NBA yake wasa. Dole ya shiga, ya fita, ya bi nasa mutumin har wajen layin maki 3, ya juyo da gudu in an keto. Mai sauraro da ya taso da ƙwallon ƙafa, in ka ce masa mai tsaron kwando, zai hango mutum ɗaya a tsaye gindin ƙarfe yana jiran a jefo.

Mai sharhin wasanni: Na ji wannan, Koci. To "mai kare kwando" fa? Ita ce ta fi kusa da ma'anar Turancin.

Malamin Hausa: A baki babu laifi, sauti zai raba gardama. A rubuce kuwa, tun da ba ma sa alamar karin sauti, "mai kare" zai karanta kamar wanda ya ajiye kare a gida, in kuma wayar mai karatu ta saba cinye lanƙwasa, wani zai ɗauka ƙarewa ake nufi. 'Yan ba'a ba za su bar ka ka sha ruwa ba. "Makari" ya zo mini, amma ya riga ya zama na guba da sammu. "Mai tare hanya" kuma kun san su waye ake kira haka.

Ɗan Maraɗi: Barkanmu da war haka. Mu nan da Faransanci muka koyi wasan, in dogo ya buge ƙwallo daga hannun mai jifa contre muke cewa. Me zai hana a ɗauki sunan daga aikin da ido ke gani, a ce "mai kaɗe ƙwallo"? Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, da wannan ya yi suna: 3,830 ya kaɗe, babu wanda ya kai shi a lissafin NBA. Dikembe Mutombo, wanda ya rasu a watan Satumban 2024, na biye da 3,289, in ya kaɗe har yatsa yake girgiza wa mutum. Kofin gwanin tsaro na shekara ma sunan Olajuwon aka sa masa a 2022.

Tsohon koci: "Kaɗe" ta yi daidai da wannan bugun, na karɓe ta hannu biyu. Yara a fili "bulok" suke cewa, amma "ya kaɗe" ta fi daɗin ji kuma kowa ya san ta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mai da ita sunan aikin gaba ɗaya. In aka yi haka, shirin Malam ya rushe tun kafin a fara, domin Hartenstein kaɗewa 1.1 yake yi a wasa. Haka ya yi a kakarsa ta ƙarshe a New York, haka ya maimaita a kakarsa ta farko a Oklahoma. Wanda ya auna shi da wannan ma'auni zai ce an yi asarar kuɗi.

Ku dubi 2024. Victor Wembanyama ya fi kowa kaɗewa, 3.6 a wasa. Rudy Gobert na da 2.1. Gobert aka ba kofin gwanin tsaro, karo na 4 ke nan gare shi, kuma a kakar Minnesota ce ta fi kowace ƙungiya tsaro. Dukansu 'yan Faransa ne, ba a ce an yi son kai na ƙasa ba. Sai kuma Hassan Whiteside, wanda nake yawan ba yarana labarinsa. A kakar 2015 zuwa 2016 ya kaɗe 3.7 a wasa, Miami ta ba shi dala miliyan 98 na shekara 4. A kakar 2019 zuwa 2020 yana Portland ya sake zama na ɗaya wajen kaɗewa. Da kwantiraginsa ya ƙare, Sacramento ce ta ɗauke shi kan mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a ba mai shekarunsa a gasar. Masu ƙungiyoyi ba makafi ba ne. Sukar da aka daɗe ana yi masa ita ce farautar kaɗewa: ya bar mutuminsa ya tashi sama, in ya samu a tafa masa, in bai samu ba ƙwallon ta dawo hannun wanda ya bari a buɗe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga ƙari. Sai a kakar 1973 zuwa 1974 NBA ta fara rubuta kaɗewa a takarda. Bill Russell ya ci kofi 11 da Boston ya yi ritaya a 1969, ko ɗaya ba a ƙirga masa ba. Za mu ce ba ya cikin masu wannan aiki?

Ɗaliba: To Baba, in ba kaɗewa ba, da me ake auna shi? Don in mun san abin da ake aunawa, sunan zai fi saurin fitowa.

Tsohon koci: Yawwa. Tun kakar 2013 zuwa 2014 aka kafa kyamarori a dukan filayen NBA suna bin motsin 'yan wasa da ƙwallo. Daga nan aka samu lissafin da a da sai dai hasashe: in mutum ya yi jifa a cikin ƙafa 6 daga kwando, dogon nan shi ne mafi kusa da shi, kashi nawa ke shiga? Dogo na iya tashi tsaye cak, hannuwa sama, bai taɓa ƙwallo ba bai taɓa mutum ba, amma mai jifa ya karkace a iska ya ɓarar. Takardar wasa ba za ta rubuta wa dogon komai ba.

Na biyun ya fi wannan ɓoyewa, kuma shi na fi daraja: jifan da ba a yi ba. Ɗan wasa ya keto da gudu, ya ɗaga kai ya ga wanda ke jiransa, ya fasa, ya mayar da ƙwallo baya, agogon daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa a cikinsu na ci. Ana gano wannan ta hanyar kwatanta yawan jifan da abokan karawa ke yi dab da kwando in yana fili da in yana benci. Sai a haɗa da makin da aka ci ƙungiyar a kowane hari 100, da kuma wa ke cafke ƙwallo in ta bugi ƙarfe ta dawo, don tsaro bai kammala ba sai ƙwallo ta zo hannunku.

Ɗan Maraɗi: Ashe dodon gona ne, Koci. Tsuntsaye su hango shi su canza hanya.

Tsohon koci: Kwana biyu tsuntsu ke yi ya gane dodon gona ba ya motsi, ya hau kansa ya zauna. Dogon da ba ya motsi haka ake yi masa a NBA: a jawo shi waje, gajere mai sauri ya wuce shi.

Malamin Hausa: Abin da Koci ya kira jifan da ba a yi ba, Hausa na da kalmarsa tun fil azal: kwarjini. Mutum ya taho da niyya, ya yi arba da wani, jikinsa ya yi sanyi ya koma. "Yana da kwarjini a ƙarƙashin kwando." Ban ga abin da za a ƙara ba. Na ce ƙarƙashi ne da gangan, Malam. "Gindin kwando" Hausa ce tsantsa, kamar gindin bishiya, amma kai da za ka faɗa a bainar jama'a ka san yadda wasu kunnuwa suke.

Sunan mutumin kuma, shawarata "mai tsare kwando". Ku lura da bambancin. "Mai tsaron abu kaza" suna ne na muƙami, kamar mai tsaron shago, wanda aka ajiye a wuri aka ce ga abin da za ka kula da shi. "Tsare" kuwa aikatau ne mai nuna an toshe gaba ɗaya: ya tsare ƙofa, sun tsare hanya, ya tsare ni da ido. Ba ya buƙatar mutum ya kasance a kafe, kuma ba ya buƙatar ya taɓa komai. Wanda ya tsare ka da ido ai bai taɓa ka ba, amma ka kasa sakat. Har "tsare gida" muna cewa ga wanda ya ɗaure fuska don kada a kawo masa wargi. Kuma tana juyuwa yadda mai sharhi ke so: ya tsare kwando, bai tsare ba, masu tsare kwando, tsare kwandonsu ya yi rauni a zagaye na 4.

Mai sharhin wasanni: Allah ya ƙara basira, Malam. Damuwata ɗaya: "tsaron" da "tsare" a kunne kusan abu guda ne. Mutum na tuƙi ko yana shago da hayaniya, zai ji abin da ya saba ji.

Malamin Hausa: Sai ka sa "baki" a faɗar farko. Zoben ƙarfen nan da ke sama da ƙasa mita 3.05 ai bakin kwando ne, shi Turancin ma yake nufi. "Mai tsare bakin kwando." Da ka faɗa haka sau ɗaya tare da bayani, sauran shirin ka gajarta.

Ɗaliba: Allah gafarta Malam, na karɓi hujjar, amma ina nan a kan bakana cewa bakin mutane "tsaron" zai koma. BBC da sauran gidajen rediyo sun shekara da shekaru suna cewa mai tsaron raga, harshe ya riga ya faɗa wannan kwarin. Zan dai riƙa rubuta "tsare" in ga ko za ta kama.

Mai sharhin wasanni: To mun tsaya a kan uku: mai tsare kwando, kaɗewa, kwarjini. Ga yadda na tsara jimlar: "Oklahoma ta sayi mai tsare bakin kwando, ta zama ta ɗaya a tsaro, ta ci wasa 68 cikin 82, ta doke Indiana 4 da 3 ta ɗauki kofin 2025." Koci, ka duba mini.

Tsohon koci: Alƙaluman daidai ne, amma jimlar ta ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum biyar. Kafin ya zo, Oklahoma ta ci wasa 57 ta zama ta ɗaya a rukunin yamma, tsaronta na cikin biyar na farko, kuma tana da Chet Holmgren wanda ya fi shi kaɗewa nesa ba kusa ba. Ciwonta shi ne rashin jiki da rashin cafke ƙwallon da ta dawo, abin da ya fito fili lokacin da Dallas ta fitar da ita 4 da 2 a 2024. A bazarar da aka ɗauko Hartenstein aka kuma karɓo Alex Caruso daga Chicago. Ga Luguentz Dort, ga Jalen Williams, ga Cason Wallace, kuma ƙungiyar ta fi kowa ƙwace ƙwallo a kakar. Dort da Williams aka zaɓa cikin jerin gwanayen tsaro na shekarar, ba Hartenstein ba. In na waje ba sa barin a wuce su cikin sauƙi, wanda ke isowa kwando a gajiye yake isowa, lissafin dogo sai ya yi kyau.

Inda za ka nuna wa masu sauraro amfaninsa shi ne watan Nuwamban 2024. Hartenstein ya karye a hannu tun wasannin share fage, Holmgren kuma ya karye a ƙugu ranar 10 ga wata a wasa da Golden State. Sai da ƙungiyar ta koma sa Jalen Williams a tsakiya, wato a wurin dogo, mutumin da bai kai mita 2 ba. Ranar 20 ga wata Hartenstein ya fara wasa, ya riƙe wurin har Holmgren ya dawo a Fabrairu, ya gama kakar yana cafke 10.7 a wasa cikin wasanni 57. Ka ce ya toshe ɓarakar da aka saye shi dominta. Kalmar "ta ɗaya a tsaro" kuma ka raba ta da sunansa, ka ba ƙungiyar: kusan maki 107 ake cin su a hari 100.