Neman shawara: ina son in yi wa jirgin ƙasan wasa fenti saboda ranar galahanga

Baban yaro, Hamburg:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi haƙuri da tsawon rubutu. Ina zaune a Hamburg nan Jamus da iyalina, kuma babban ɗana likitoci sun tabbatar mana yana da galahanga, wato otizim, tun yana ƙarami. Magana ba ta cika fitowa ba, amma in dai jirgin ƙasa ne to nan hankalinsa yake, zai kwanta ya sa kumatu a ƙasa yana kallon tayoyi na juyawa har lokacin cin abinci ya wuce. Muna da irin manyan jiragen nan da ake shimfiɗa wa layin dogo a lambu, na kamfanin LGB, ba ƙananan nan da ake gani a Miniatur Wunderland, gidan kallon ƙananan jiragen wasa na nan Hamburg, ba, namu faɗin layinsa milimita 45 ne, kan jirgin sai ka sa hannu biyu ka ɗauka. Na hannu na saya, kan jirgi kore da tarago biyu.

Abin da nake so shi ne ranar 2 ga Afrilu, ranar galahanga ta duniya, in kai jirgin ɗakin taron da jama'armu ke yin suna da walima, in shimfiɗa layi yara su taru, iyayensu ma dole su tsaya, sai ni da uwarsa mu yi bayani. Domin wlh mun gaji da jin aljanu ne, sammu ne, uwar ce ta sangarta shi. Akwai gidajen da na sani suna da irin yaronmu amma ba sa fitowa da shi taro ko kaɗan saboda bakin mutane. To ina son in canza wa jirgin fenti gaba ɗaya ya zama shuɗi da 'yan gutsattsarin wasan haɗa hoto a jiki irin yadda nake gani a intanet. Wane fenti ne ke kama roba bai ɓare ba? Kuma alamar daidai ce? Dan Allah duk mai sani ya taimaka.

Mai fentin mota, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya shi ya ba ku ladan haƙuri. Ni ban taɓa riƙe irin jirgin nan ba amma aikin roba aikina ne, bamba muke fesawa kullum. Yallaɓai sirrin duk yana wajen share fage ne. Ka kwance gangar jikin daga ƙasan, ka cire gilasan taga da fitilu ka zuba ƙusoshin a gwangwani ɗaya kar su ɓata. Ka wanke da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori ya bushe sarai, don maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana fenti zama. Sai ka bi shi da sanfefa mai laushi, lamba 600 ko 800, ba kankarewa za ka yi ba, ƙyallin kawai za ka kashe. Daga nan furaima ta roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, ka tabbata an rubuta ta roba ce a jikin gwangwanin. Feshi kuma sama-sama, tazarar kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, hannu na tafiya kar ya tsaya waje ɗaya, gara ka yi shafi uku marasa kauri da ka yi ɗaya mai kauri ya zo yana hawaye. Kuma furaima da kala da kiliyar ƙarshe, wato shafin nan marar kala da ke kare fenti, duk su zama na kamfani ɗaya, in ka haɗa wani da wani sai ka wayi gari ka ga ya yamutse.

Mai jirgin lambu, Amurka:
Maganar oga mai fenti haka take, sai dai in ƙara abin da ya shafi jirgin kansa don ni ma ina da irinsa. Tinar mota da asiton, sinadarin nan na goge jan farce, kar su kusanci jikinsa, cin robar suke. In kana son goge rubutun kamfani ka nemi isofurofil, wani irin sifirit na goge-goge, a kantin magani ka jiƙa auduga ka bi a hankali, amma ka fara gwadawa ta ciki inda ido ba ya gani. Wasu na cewa man birki, ni dai ban ba ka shawara ba, yana iya sa roba ta yi rauni ta tsage daga baya. Sannan ta tayoyi da 'yan ƙarafan nan da ke goga layi a ƙarƙashi jirgin ke shan wuta, fenti ya taɓa su to jirgi zai dinga tsayawa yana fizga, shi ya sa ake raba gangar jiki da ƙasa tukuna. Ka kuma tuna sanyin Jamus, aikin nan a Fabrairu ko Maris zai faɗo, fentin gwangwani ba ya son sanyi da laima, yana fita da ƙuraje ko ya yi hazo. Ka samu wuri mai ɗumi da iska ke shiga, ka sa takunkumi, yaron kuma kar ya kasance a wurin saboda warin.

Abu na ƙarshe, tun 1968 LGB ke yin jiragen nan a Nuremberg kafin kamfanin Märklin su saye shi a 2007, tsofaffin akwai masu tara su, kana fesa masa fenti darajarsa ta faɗi. Ka duba lambar da ke ƙarƙashi kafin ka taɓa.

Maman Biyu, Ingila:
Baban yaro dan girman Allah tsaya. Kowa na maganar fenti ba wanda ya tambaya, jirgin na waye? Ka ce kore ne kuma yaron na kwanciya yana kallonsa kullum, to a wurinsa wannan koren shi ne jirgin. Nawa ɗan kofinsa ja ya fashe na sayo irinsa sak amma jan ya ɗan fi duhu, wlh ya ƙi shan ruwa a ciki, yana juya kofin yana duba gindinsa yana kuka, sai da sirinji muka dinga ba shi ruwa har ya saba. Kofi kenan fa. Ka yi tunanin ya tashi da safe ya ga abin da ya fi so a duniya ya koma shuɗi yana warin fenti, kuma ba shi da bakin da zai tambaye ka ina nasa ya tafi. Kana son mutanen waje su fahimce shi, kar garin haka ka karɓe masa abin da ke kwantar masa da hankali. Ka bar masa kan jirginsa da taragonsa yadda suke. Ka sayi wani tarago daban na hannu, irin rufaffen nan na kaya mai faffaɗan gefe, shi za ka fesa, kuma ka bari ya gan shi tun yana tsohon kalarsa ya ga yadda yake canzawa mataki-mataki. In ya yarda a haɗa da nasa falillahil hamdu, in ya cire shi ya ajiye gefe to amsarsa kenan.

Mai jirgin lambu, Amurka:
Gaskiya Hajiya ta fi ni gani. Kuma taragon ba sai na LGB ba, na kamfanin Piko ma layi ɗaya suke hawa, maƙalarsu na shiga ta juna, galibi ya fi sauƙin kuɗi.

Ɗaliba mai otizim, Kanada:
Sannu Baba, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Ni ina da otizim, sai da na girma aka gano, bari in yi magana kan alamar. Gutsuren wasan haɗa hoton nan ya samo asali ne a 1963 daga ƙungiyar iyaye ta Landan wadda yanzu ake kira National Autistic Society, kuma a zanen farko har da hoton yaro yana kuka a ciki. Su kansu sun daina amfani da shi. Shuɗin kuma ƙungiyar Autism Speaks ta Amurka da aka kafa a 2005 ce ta yaɗa shi. Da yawa daga cikinmu ba ma son gutsuren, saboda abin da yake faɗa mana shi ne akwai wani yanki namu da ya ɓata, ba mu cika mutum ba sai an nemo shi. Abin da muka fi ɗauka namu shi ne alamar nan mai kama da 8 a kwance, da kalolin bakan gizo ko ruwan zinare, tun 2005 ake amfani da ita a ranar 18 ga Yuni da masu otizim suka ware wa kansu. Ban ce duk mai sa gutsuren mugu ba ne, iyaye da yawa da soyayya suke sawa, akwai ma masu otizim da ke son shi. Amma tunda ka tambaya, ni in na shigo ɗakin na ga zinaren zan ji da ni aka yi taron.

Kawu, Yamai:
'Yata na ji bayaninki kuma na ƙaru. Amma mutanenmu da za su zo taron nan ba su san gutsure ba ba su san 8 a kwance ba, kuma bakan gizo a Turai wata fassara dattawa za su yi masa, sai zance ya bar kan yaro ya koma wani wuri. Ni a ganina a yi zinaren a kan fari ko shuɗi mai duhu, sannan a yi rubutu da Hausa ɓaro-ɓaro a gefen taragon, ɗaya gefen da Jamusanci saboda yaran da aka haifa can. Rubutu shi ne zai yi aikin.

Wani ɗan uwa:
A dai haɗa da addu'a da ruƙiyya, ba a raina su.

Maman Biyu, Ingila:
Addu'a kullum muna yi ɗan uwa, ba mai hana ta. Abin da muke roƙo kar a ce wa uwa aljani ne a hana ta kai yaro wajen masu koyar da magana tun yana ƙarami, lokacin da abin ya fi amfani.

Malamar yara masu buƙata ta musamman, Kano:
Nawa kan ranar taron ne. In jirgin na da ƙara ko usur ko hayaƙi a kashe, lasifika ma a rage, don ɗakin walimar mutanenmu kun san yadda yake cika da hayaniya, yaran da aka yi abin dominsu su ne za su fara toshe kunne. A ware wani lungu ko ɗaki mai shiru da uwa za ta iya shiga da ɗanta. A sa doka yara su kalla daga bayan igiya, masu son tuƙi su bi layi ɗaya bayan ɗaya. Kuma kar a tsayar da yaronka gaban jama'a ana nuna shi, in yana so ya riƙe na'urar tuƙin ya tuƙa abinsa, mutane su gan shi yana abin da ya iya. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsayar da ranar a ƙarshen 2007, kuma ƙasar Katar ce ta kawo ƙudurin, ka faɗi wannan a bayaninka, yana sa dattawa su saurara don wasu na ɗauka abin Turawa ne kawai.

Baban yaro, Hamburg:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa uwarsa duka, maganar Maman Biyu ta sa ta hawaye. Koren jirgi ba za a taɓa shi ba. Na samu rufaffen tarago na hannu zan karɓo ƙarshen mako, za mu yi shi fari da alamar zinare, rubutun kuma mun tsaya a kan "Ɗanmu ne, ku san shi". Saura abu ɗaya, rubutun da buroshi zan yi ko yaya? Hannuna ba ya miƙe layi.

Mai fentin mota, Kaduna:
Kar ka wahalar da kanka da buroshi yallaɓai. Ka auna gefen taragon ka kai wa masu yankan sitika na jikin mota su yanko maka haruffan da alamar, ka ce musu mai jure rana da ruwa. Ka tabbata sun sa ƙugiyar Ɗ ɗin, ka duba a kwamfutarsu kafin su yanka. Farin ya samu kamar sati ya bushe sosai kafin ka manna, in jikin taragon na da layi-layin katako ka bi da farce ko katin banki a hankali sitikar ta shiga ramin, sannan kiliya shafi biyu marasa kauri a kai. Ka fara gwada kiliyar a kan ragowar sitikar da suka yanke, wata tana sa gefe ya naɗe.