Yaro ya miƙe lokaci guda, ƙwallonshi ta lalace: a ƙara mishi tirenin ko a rage?

Kocin Badariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙungiyar yara nan Birnin Kebbi, 'yan shekara 13 zuwa 15, tunda anka yi hutu safe da marece muke tirenin. Akwai wani yaro da bara shi ke riƙe muna tsakiya, bana sai ya miƙe ƙwarai har wandunanshi sunka ɗage, tun sannan ƙwallo ta ƙi zama ƙafarshi, in ya zo juyawa kamar zai faɗi, ga shi kullum shina kukan ciwo ƙasan gwiwa wurin wani ɗan ƙashi da ya kumburo. Mataimakina ya ce lalaci ne a ƙara mishi zagayen fili. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mi kunka gani?

Malamin Motsa Jiki, Argungu:
Wa alaikumus salam koci. Don Allah kar ka ƙara mishi ko zagaye ɗaya. Yaro namiji wajen shekara 13 zuwa 14 yake yin tsawo mafi sauri, wani sai ya ƙara santimita 8 zuwa 10 cikin shekara guda, kuma ƙashi ke riga tsoka da jijiya miƙewa, shi ya sa jiki ke ɗaurewa, ƙafar da ya saba da ita jiya ba ita ce yau ba sai ya sake koyon sarrafa ta. Wannan kumburin ƙasan gwiwa ya yi kama da abin da likitoci ke kira Osgood-Schlatter, jijiyar gwiwa ce ke jan wurin da ƙashi bai gama ƙwari ba, gudu da tsalle da durƙuso ke tayar da shi. Yawanci in girma ya lafa shi ma sai ya lafa, amma a kai shi asibiti a duba tukuna.

Ka samu tef ka riƙa auna tsawonsu jikin bango duk bayan wata uku, ba takalmi, kana rubutawa. Wanda ka ga yana tashi da sauri ka rage mishi tsalle da gudu mai tsanani, ka ba shi fasin da taɓa ƙwallo da miƙa jiki. Sannan bayan tirenin ka tambayi kowa wahalar yau daga 1 zuwa 10, ka ninka da mintocin da anka yi, in minti 90 ne ya ce 7 ka ga 630 ke nan. Ka tara na sati. In na wannan satin ya yi wa na baya nisa sosai to ka ja birki.

Ɗan Jega:
Malam na yarda da batun gwiwa amma kar a mayar da yara 'yan lele, Zaidu Sanusi daga nan Jega ya fito har ya kai ƙungiyar Porto ta ƙasar Portugal, wa zai ce da kwanciya anka kai can. Ni matsalar da nake gani ita ce shekaru, ana cewa 'yan ƙasa da 15 sai ka ga mai gemu a fili, ƙaramin yaro ya haɗa kafaɗa da shi ya kwana da ciwo. Ai shi ya sa FIFA ta fara hoton ƙashin wuyan hannu da MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, don tantance shekaru tun 2009 a gasar 'yan ƙasa da 17.

Malamin Motsa Jiki, Argungu:
Gaskiyarka ɗan uwa, sai dai ko shekarun gaskiya ne, yara biyu 'yan 14 ɗaya murya ta buɗe ɗaya har yanzu jikin yarinta gare shi. Makarantun ƙwallo na Ingila sun gwada raba yara bisa girman jiki maimakon shekara saboda haka. Mu nan mai ƙiran jiki muke ɗauka mu kori ƙarami, alhali ƙaramin nan wataƙila ya fi shi basira, lokacinshi ne bai zo ba. Abin yana ci mini rai wallahi.

Anti Nas, Yauri:
Koci ɗana, in ƙara da nawa. Tirenin sau biyu kullum ya yi yawa ga yaro mai tasowa, ka ba su aƙalla kwana ɗaya ko biyu a sati su huta, balle in Maris da Afrilu sunka kama zafi ya haura digiri 40. Ka tambaye shi ma ko yana karyawa kafin ya zo, da yawa da ɗan koko kaɗai suke fitowa wasu kuma daga gona ko turin ruwa suke biyowa fili. Kuma don girman Allah kar a ba shi maganin kashe ciwo daga kemis don ya buga wasa, kar a bari a yi mishi tsaga ko a murza kumburin. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15 bayan wasa.

Kocin Badariya:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Zan soke na safe, gobe in sha Allahu in je in ga mahaifinshi kan batun asibiti. Malam, awon tsawon nan da safe ya fi ko da marece?

Malamin Motsa Jiki, Argungu:
Ko wanne, amma ka tsaya kan lokaci guda kullum, don mutum ya ɗan fi tsawo da safe.