Musayar waƙa: Gyaran zuciya kafin gyaran aljihu

Ɗan Badarawa: Salam jama'a, jigon makon nan yadda mutum zai canza rayuwarsa da kansa. Ƙwar biyu, amsa-amo "ya". Bismillah.

Da sunan Ilahu na ɗau alƙalam,
Batun yau batu ne na gyaran zuciya.
Ka duba Ra'adu ta goma sha ɗaya,
Ta'ala Ya zayyana mana gaskiya.
Ba Ya sauya halin da jama'a ke ciki,
Sai sun sauya abin da ke zuciya.

Ɗan Kakuri:
Malam ka iya wa'azi bisa kujera,
Cikinka a ƙoshe kana ta dariya.
Taho Kakuri ka ga masaƙunmu,
Ciyawa ta cinye ƙofa da hanya.
Digirina na leda a ƙasan katifa,
Niyya kaɗai ba ta sa nama a miya.

Abba Mando: Kai! an gama magana wallahi, a kawo wa Ɗan Kakuri lemo mai sanyi 🔥

Maman Hanif:
Ɗan Kakuri tsaya in tuna ma,
Masaƙar KTL ta tsaya kana goye a baya.
Makokin da ka gada kake ta yi,
Masu gawar sun tashi tun jiya.
Ka leƙa Panteka ka ga sa'o'inka,
Suna narka alminiyam suna zuba tukunya.
Ba wanda ya jira takardar ɗauka,
Sun ajiye girman kai sun ajiye kunya.

Ɗan Kakuri:
Hajiya sannu da kaifin baki,
Turaren wuta ya sa ki jin sarauniya.
Kina ta talla a waya dare da rana,
Jarin maigida ne, ki faɗi gaskiya.

Maman Hanif: ka taɓo inda ba a taɓawa ƙanena

Adashi na zuba wata da watanni,
Na bar anko na bar sarƙar wuya.
Ƙawaye sun ce na zama marowaciya,
Na toshe kunne na kama hanya.

Ummi Rigasa: Aunty ki ba shi! mata ku fito an taɓa mu 👏

Abba Mando: to ai ku kullum haka kuke, ko me ta rubuta sai tafi, ni dai baitin miyan nan har yanzu ba a rama shi ba

Malam Mai Aruli: Afuwan zan shigo. Ɗan Badarawa ya buɗe da karin Mutaƙarab, fa'ulun fa'ulun, duk da shi ma ya zame a baiti na uku, amma ɗangon Hajiya na alminiyam ya karye gaba ɗaya, gaɓoɓinsa sun yi yawa, a rera shi a ji numfashi zai ƙare kafin a kai tukunya. Sannan "niyya" daban "miya" daban, kowa ya kula.

Ummi Rigasa: Malam nan fa ba ajin Hausa na ABU ba ne, saƙo muke bi

Malam Mai Aruli: 'Yata saƙo ba kari ai zube ne, sai a rubuta wasiƙa a huta.

Abba Mando: yauwa Malam, gaya musu

Maman Hanif: Abba ɗazu fa baitin gwaninka na katifa ya fi nawa tsawo, ko shi ba a auna shi ne?

Baba Barnawa: Yara ku dakata da faɗan kari. Ni na yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan na Kaduna, KTL tun 1957 aka buɗe ta ta tsaya a 2002, UNTL ma ta rufe a 2007, mutanen da na sani wasu har yau suna jiran a sake busa jiniya wasu kuma a watan farko suka sayi keken ɗinki suka nufi Kasuwar Barci, ni ina da furfura na koyi yanka yadi a hannun yaron da na haifi kamarsa. Ban iya waƙa ba amma ga nawa

Abin da ya fi yunwa ciwo ɗana,
Tsoron kar a gan ka a yi ma dariya.

Ɗan Kakuri: network ne ya riƙe ni tun shekaranjiya. Baba na gaishe ka, naka ba zan rama ba. Amma Hajiya ki ji

Ba lalaci ba ne ya zaunar da ni,
Mahaifiyata ta sai da gona da tinkiya.
Ta ce ɗanta zai zauna ofis,
Da wane ido zan je mata da tukunya?

Maman Hanif:
Da idon da za ka miƙa mata cefane,
Uwa ba ta ƙin kuɗin gumi, ka tambaya.
Je ka same ta yau bayan isha'i,
Ka nemi albarka kafin ka kama hanya.

Ɗan Badarawa: akwai wani ogan walda a tsohuwar Panteka da ke karɓar yara, Ɗan Kakuri in kana so ka yi min magana ta gefe

Malam Mai Aruli: Hajiya "hanya" sau biyu kenan a bakinki, Ɗan Kakuri ma ya riga ki, ga ƙaya ga rijiya ga moriya duk ba wanda ya taɓa. Kuma ɗangon alminiyam ɗin nan har yanzu ina jiran gyara.

Maman Hanif: Malam ka gyara da kanka ka turo mu gani, ni miyata na kan wuta