Neman shawara: Littafin laburare ya jiƙe a hannuna a hanyar Yawuri

Mai neman shawara: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a wata babbar makaranta a Birnin Kebbi, kuma akwai abin da ya hana ni barci kwanakin nan. Tun ina yaro ban iya zama cikin mota ba tare da abin karantawa ba, domin mahaifina direban babbar mota ne mai ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu, kuma duk hutun da ya tafi da ni, a gaban motarsa nake cinye littattafan yayyena, ƙauri na albasa yana sa ni hawaye amma ban ajiye ba.

A watan Agusta aka yi mana rasuwa a wani ƙauye da ke tsallaken Kogin Kwara a ƙasar Yawuri, sai na tafi da wani littafin tarihin Masarautar Gwandu da na aro daga laburaren makaranta, tsohon bugu mai bangon kwali wanda takardarsa ta riga ta yi ja. Daga Kalgo zuwa Jega, Maiyama har Koko ban ɗaga kai ba sai don in kalli fadamun shinkafa, kuma ban san da me zan kwatanta daɗin karanta labarin zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo alhali kana ratsa ƙasar da aka yi abin a cikinta ba. A kwale-kwale ne ruwan sama ya same mu. Na cusa littafin cikin jaka na ajiye a tsakanin ƙafafuna, ban lura ba cewa ruwan da yaron jirgi yake kwarfewa da gwangwani a nan yake taruwa. Kwana uku ina gidan makoki ban buɗe jakar ba, da na dawo kuma sai na shanya shi a kan rufin kwano. Yanzu ya kumbura, bangon ya lanƙwashe, shafukan hotuna sun manne, baƙar funfuna ta fito a gindinsa. Ba za a sa mini hannu a takardar sallama ba sai laburare ya wanke ni. Me zan yi?

Baba Mai Ritaya, Jega: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, amma zan gaya maka gaskiya, kwana ukun nan da rufin kwanon sun fi kogin yi wa littafin illa. Jiƙaƙƙiyar takarda a yanayin damina kwana biyu kawai take buƙata funfuna ta kama ta. Abin da ake yi shi ne a tsayar da littafin a inuwa inda iska take kaɗawa, a sa farar takarda tsakanin shafuka ana sauyawa idan ta sha ruwa, sai ya kusa bushewa sannan a danne shi da abu mai nauyi. Idan babu halin yin haka nan take, a naɗe shi a leda a sa a firiza, domin ƙanƙara tana tsayar da funfuna. Shafuka masu sheƙi kuwa idan suka bushe a manne, sun mannu ke nan. Gobe da safe ka ɗauke shi ka kai wa shugaban laburare da hannunka, ka faɗi abin da ya faru, ka biya abin da aka yanka maka.

Uwar Biyu, Argungu: Ƙanena, ni dai tausayinka nake ji, don aƙalla kai abin ya dame ka. Ni littattafai bakwai na ara wa maƙwabciyata lokacin da take jego, huɗu suka dawo, ɗaya da tabon manja tun daga bango har tsakiya, da na yi magana sai aka ce na fifita takarda a kan zumunci, kuma har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Ka nemi sabo ka saya musu kawai, kowa ya huta.

Ɗan Kamba: Hajiya, tsohon bugu ne, a ina zai samu sabo? Malam, ka kai shi wurin masu ɗinkin littafi su sauya bango su datse gefen da ya yi baƙi, ka mayar ranar da layi ya yi tsawo. Rabin littattafan da ke kan kantocin nan gara ta ci, sauran kuma ɗalibai sun yanke babi-babi da reza lokacin jarrabawa. Ni an taɓa cin tarata a kan babin da na tarar babu shi, na rantse na maya ba wanda ya saurare ni, don haka ban ga dalilin da zai sa mutum ya kai kansa ba.

Baba Mai Ritaya, Jega: Wannan shawara kada ka kusance ta. Na farko, akwai hatimi da lambar laburare a jikin littafin, kuma duk wanda ya yi aikin ya san ɗinkin da ba nasu ba tun daga nesa. Na biyu, funfuna tana yaɗuwa, idan aka jera shi a kanta sai ya shafa wa na kusa da shi. Na uku, a fiƙihunmu na Malikiyya, abin aro irin wanda ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko littafi, lamuninsa yana wuyan wanda ya ara. Kuma tun farko littafin jama'a ba abin shiga ruwa da shi ba ne. Shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa barin littafin makaranta ya ƙetare ƙofar gari ba.

Mai neman shawara: Baba, na gode, Allah Ya ƙara girma, amma ƙauyen da na je ko wutar lantarki babu balle firiza, kuma mutumin da yake karɓar gaisuwar mutuwa ba zai zauna yana jera farar takarda ba. Batun fita da shi kuwa, ba a rubuta a katin aro cewa sai a cikin gari za a karanta ba. Takardar da ke manne a bayansa ta nuna an daɗe rabon da wani ya are shi, ni ne na kaɗe masa ƙura, kuma a tafiyar nan na karanta abin da ban iya karantawa a ɗakin kwanan ɗalibai cikin wata guda ba.

Malama daga Zuru: Ba ka gaya mana ranar da ya kamata ka mayar da shi ba, domin idan wa'adin ya wuce tun kafin tafiyar, tarar jinkiri tana nan tana hauhawa a kan ta lalacewa. Nan gaba kuma ka riƙa ɗaukar hoton shafukan a waya.

Mai neman shawara: Malama, karatu a waya cikin mota yana sa ni jiri, ga caji, ga rana tana haske gilashin. Maganar wa'adi kuma doguwa ce. Yanzu dai na danne shi ƙarƙashin buhun shinkafa, zan ba shi kwana biyu in ga ko zai miƙe.

Baba Mai Ritaya, Jega: Idan da sauran danshi a cikinsa, ka rufe funfunar ne inda ta fi so. Ka ciro shi yau.

Uwar Biyu, Argungu: Wai mene ne sunan littafin? Kawun maigidana a Gwandu yana da akwati biyu na tsofaffin littattafai, sai dai tun da aka ƙi mayar masa da wani ya daina bari a taɓa su, ban sani ba ko zai yarda ya sayar.