Sabuwar ciyawa da dashen lalle a lokacin hunturu

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Kwana 10 ke nan da na watsa irin ciyawa a farfajiyar gidana a Zariya, na kuma dasa lalle a jikin katanga, amma iskar hunturu tana busar da ƙasar kafin azahar. Yaya ya kamata in riƙa ban ruwa?

Mai lambu: Wa alaikumus salam, Malam. Ciyawar tana buƙatar yayyafi safe da yamma domin saman ƙasa ya zauna da danshi, kada a kwarara ruwa ya kwashe irin. Lallen kuwa a shayar da gindinsa sosai bayan kwana biyu ko uku, saboda saiwarsa ta bi ruwa zuwa ƙasa.

Uwargida: Ni buntun shinkafa nake zubawa kewaye da dashe, amma ba na bari ya taɓa kara, domin gara ta taɓa cinye mini guda huɗu a haka.

Mai lambu: Gaskiya ne, Hajiya. A guji ɗanyen kashin kaji ma, yana ƙona sabuwar saiwa.